Jaka a Kafaɗa, Buhu a Ƙirji

Wata huɗu cur ɗan yayata ya yi yana fita daga gida da sanyin safiya, jaka a kafaɗa, kuɗin mota a aljihu, bai taka ƙofar aji ko sau ɗaya ba. Yakan tako daga ƙauyenmu ta tsakanin gonaki zuwa bakin titi, ya hau A Daidaita Sahu, ya sauka a Kwanar Ungogo ya sake wata zuwa cikin gari. Yana isa makarantar sai ya zagaya bayan masallaci, ya sami gindin wata darbejiya ya zauna. Nan zai yi azahar, nan zai yi la'asar, sannan ya kamo hanyar gida tare da masu tasowa daga lakca. Uwarsa ta ajiye masa tuwo, ta yi masa sannu da karatu, ya amsa.

Ranar da sakamakon jarrabawa ya tona asiri, gidan ya rabu uku. Mahaifinsa ya ce sangarta ce, ya tuna masa da tumaki biyun da aka kai kasuwa don kuɗin rajista. Yayata, wadda ba ta kama sunansa saboda ɗan fari ne, ta ce, "Yaron nan ba haka yake ba, hannu aka sa masa." Wani baffansa kuma ya rage murya ya tambaya ko an laluba aljihunsa, kada a ce ya fara shaye-shaye. Ni aka tura in ji ta bakinsa. Muka zauna a zaure bayan isha'i, ya daɗe yana tsinkar bakin tabarma kafin ya ce, "Kawu, wallahi ba ƙin karatun nake ba. In na doshi ƙofar ajin sai in ji kamar an aza min buhun gero a ƙirji. Layi ɗaya sai in karanta shi sau goma, in rufe littafin ban san me ya ce ba. Ƙarfe uku na dare idona biyu. Ni dai na san na cuci Baba."

Abin da ke damunsa yana da suna a asibiti, kuma 'yan jaridarmu sun daidaita a kan kiransa ciwon damuwa. Bayan wata tara ya koma aji. Tun daga lokacin nake tunani a kan wannan komawar, domin na lura a nan ne yawancin gidaje suke yin tuntuɓe na biyu. Mun ɗauki komawa makaranta a matsayin shaidar cewa an warke, an rufe babi, kada a ƙara tada zancen. Ni kuwa abin da na gani shi ne komawar wani yanki ce na jinyar. Mai karaya yakan fara taka ƙafa da sanda tun ɗori bai gama kamawa ba, kuma mai ɗori na gari shi zai faɗa masa yaushe zai taka, da kuma nauyin da ƙafar za ta iya ɗauka. In ya ƙi takawa ƙafa ta sandare, in ya zabura da gudu ƙashi ya sake gocewa.

Sunan da muka ba ciwon yana taimako, yana kuma ɓatarwa. Kowa yana da damuwa, don haka da an ce "damuwa ce ke damunsa" sai a amsa da cewa wa ya rasa ta? Likitoci suna nufin wani abu daban: mutum ya shafe aƙalla mako biyu, kusan kullum, kusan duk yini, zuciyarsa a dagule ko kuma ya daina jin daɗin abin da ya saba so, tare da wasu alamu kamar lalacewar barci, rashin cin abinci ko yawansa, kasala mai nauyi, kasa tattara hankali, ganin kai ba a bakin komai ba, wani lokaci har da fatan mutuwa. Sharaɗin da ya raba shi da ɓacin ran yau da kullum shi ne ya hana mutum gudanar da rayuwarsa. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen miliyan 280 ne ke fama da shi a duniya, kimanin biyar cikin ɗari na manya, kuma ya fi yawa a mata. In aka auna da wannan mudun, zauren lakca mai ɗalibi 200 ba zai rasa mutum goma ba.

A wajenmu ciwon ba kasafai yake shigowa da sunan baƙin ciki ba. Da ciwon kai yake sallama, da faɗuwar gaba, da zafin jiki na ciki, da "jikina duk ya mutu". Sai a nufi kemis, a sha maganin maleriya, in bai yi ba a ce taifot ne, a yi allurai, a ƙara ruwa. Ɗan yayata sai da ya sha maganin taifot sau uku a shekara guda. Gwajin jini yana da amfani, domin ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo suna iya kawo irin wannan kasalar, amma idan gwaji ya fito lafiya lau kuma yaro yana nan yana ƙarewa, ya kamata a tambayi zuciya.

Ga ɗalibi, muguntar ciwon ita ce kayan aikinsa yake kamawa. Manomi mai damuwa zai iya jan fartanya jiki ba ƙwari ya gama kunya ɗaya. Ɗalibi kuwa da hankali da hadda yake noma, su ne kuma ciwon yake fara tsinkewa, sau da yawa su ne na ƙarshen dawowa. Yaro zai fara cin abinci, ya fara dariya da ƙannensa, gida a ce alhamdu lillahi ya warke, alhali in ya buɗe littafi har yanzu haruffa gudu suke masa. Wanda bai san wannan ba zai koma aji da ƙarfin gwiwa, gwajin farko ya kayar da shi, ya yanke wa kansa hukuncin cewa ƙwaƙwalwarsa ce ta lalace har abada. Ba ta lalace ba, jinkiri take yi.

Akwai dalilin da ya sa faɗuwar ɗalibi ɗaya take girgiza gida a ƙasar Ungogo fiye da yadda baƙo zai zata. Tun a 1965 Michael Mortimore da J. Wilson na Jami'ar Ahmadu Bello suka wallafa bincikensu a kan gundumar nan, suka nuna mutane a cunkushe kan ƙananan gonaki da ake nomawa kowace shekara ba hutu, ana ciyar da ƙasa da takin dabbobi da wanda jakuna ke ɗaukowa daga birni. Tun a lokacin gona ta yi kaɗan. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar sama da mutum dubu 360, kuma yau wanda ya bi ta Bachirawa ko Kadawa ko Rijiyar Zaki zai ga inda ake gero da dawa ya koma fulotai da bulo. Gonar da kaka ya bari an raba ta, an sake rabawa, abin da ya rage bai ciyar da gida wata huɗu. Saboda haka takardar shaidar karatu ta zama sabuwar gona. Yaron da ya sami gurbi a Jami'ar Bayero, wadda sabon matsuguninta yake nan maƙwabtaka da Rijiyar Zaki da Rimin Gata, ko a kwalejin ilimi, ko a foliteknik, ba kansa kaɗai ya tafi nema wa ba. Yana ɗauke da ragon layyar da aka fasa, da adashin uwarsa, da begen ƙanne biyar. Ciwon damuwa dama da zargin kai yake ciyar da kansa, to ga zargi an tara masa rumbu guda.

Sai kuma abin da shekarun nan suka ƙara. Yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya ci wajen wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Zaman gida ba ranar komawa yana kwance wa matashi tsarin yininsa, ya mayar da darensa rana. Daga 29 ga Mayun 2023, da aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya zama abin da ɗalibin jeka-ka-dawo yake kwana da lissafinsa. Ban ce talauci ne ciwon ba, domin na ga 'ya'yan masu hali da shi. Amma wanda zai zaɓa tsakanin kuɗin mota da na karin kumallo kullum safiya, ciwon ya same shi a gajiye.

Maganar da ta fi yi wa marar lafiya rauni ita ce wadda ake faɗa da kyakkyawar niyya: "Rashin tawakkali ne, ka riƙe addu'a." Ina ganin a nan mun yi wa addininmu gajeriyar fahimta. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi Shekarar Baƙin Ciki suke kiranta, kuma ba wanda ya kai Manzon Allah, wanda ya yi baƙin cikin, tawakkali. Annabi Yaƙub ya yi jimamin ɗansa har idanunsa suka yi fari. Fiye da shekara dubu da suka wuce, malamin nan Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi a kan gyaran jiki da rai, ya bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa, kamar rashi ko asara, da wanda yake saukar wa mutum ba dalili a fili, ya ce wannan na biyun tushensa a jiki yake kuma yana bukatar magani. Ba wanda yake ce wa mai hawan jini ya ajiye ƙwayarsa ya wadatu da tofi. Addu'a da ruƙiyya ta gaskiya suna sanyaya zuciya, kuma likita mai hankali ba zai hana su ba. Abin da na ƙi shi ne a shafe wata shida ana zagayen masu cire aljanu ana zubar da kuɗi, zangon karatu biyu su wuce, sannan a tuna da asibiti. Abin da na fi ƙi kuma shi ne duka da ɗauri da sunan magani.

Asibitin ma yana da nasa shingen, kuma mu muka gina shi da bakinmu. Dawanau tana nan kusa da mu a kan titin Katsina, mun san ta da kasuwar hatsi, mun kuma san ta da asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa. Tun muna yara in wani ya yi shirme sai a ce "wannan sai Dawanau". To yaya saurayi ɗan shekara 22 zai yarda a gan shi a ƙofar nan? Ɗan yayata ya ce min ƙiri-ƙiri, "Kawu, ni ba mahaukaci ba ne." Gaskiya ya faɗa. Mafi yawan masu ciwon damuwa ba a kwantar da su, ganin likita suke su koma gida, kamar mai ciwon suga. Akwai sashen likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma asibitin cikin makaranta yana iya zama ƙofar farko. Amma gaskiya ce hannun ya yi kaɗan: likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba, ga al'umma sama da miliyan 200. Binciken da Farfesa Oye Gureje na Ibadan ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2006, ya gano cewa cikin masu larura mai tsanani kimanin takwas cikin ɗari ne kawai suka sami wani magani a shekarar da ta gabaci binciken. Ta fuskar doka an ɗan matsa: a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma hana nuna wa masu larurar wariya. Sai dai tsakanin takardar doka a Abuja da teburin malamin da ke kula da jarrabawa akwai tafiya.

Maganin kansa yana da hali, kuma rashin sanin halinsa ya fi tsadarsa kayar da mutane. Ƙwayoyi irin su amitriptyline da fluoxetine ba kamar panadol ba ne da za a sha yanzu a ji sauƙi an jima. Sukan ɗauki mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci fiye, kafin a ga haske, alhali illolinsu, kamar bushewar baki da jin barci ko tashin zuciya, tun kwanakin farko suke bayyana. Nan ake cewa "maganin nan bai karɓe shi ba", a watsar. Wanda ya daure ya ji sauƙi kuma sai ya faɗa rami na biyu: ya daina sha don ya warke. Ƙa'idar likitoci ita ce a ci gaba aƙalla wata shida bayan samun sauƙi, a kuma janye a hankali da shawararsu. Kusan rabin waɗanda ciwon ya kama sau ɗaya yakan sake dawo musu. Duba yadda lissafin yake faɗawa: lokacin da yaro ya ji sauƙi ya ajiye magani shi ne daidai lokacin da ya koma aji, ga rajista, ga kwasa-kwasan da ya faɗi, ga idon mutane. An cire sandar ranar da aka ɗora kaya. Da azumi ma ba sai an daina ba, yawancinsu sau ɗaya ake sha a yini, likita zai iya mayar da su dare ko sahur. Kuma ba kowa ne sai da ƙwaya ba. Mai sauƙin ciwo sau da yawa zama da ƙwararren mai ba da shawara, da tsara yini, da motsa jiki, suna isarsa.

Yanzu ga abin da na fi so iyaye su ji, domin shi ne aka fi jahilta, kuma shi ne mafi arha: takarda. Makarantun gaba da sakandare ba su san "ba shi da lafiya" ta baki ba. A yawancinsu sai ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin ɗari na lakca kafin ya cancanci jarrabawa. Wanda bai zauna jarrabawa ba kuma bai nemi izini ba, faɗuwa ake rubuta masa, kuma sifilin nan yana shiga lissafin makinsa ya ja shi ƙasa har a kai ga gargaɗi, daga nan kora. Wanda ya ɓace zango biyu a jere ba labari, a wurare da dama ɗauka ake ya bar karatu da kansa. Digirin shekara huɗu kuma yawanci shekara shida ce iyakarsa. Amma kusan kowace makaranta tana da hanyar jingine karatu saboda rashin lafiya: a rubuta ta hannun shugaban sashe, a haɗa da rahoton likita, asibitin makaranta ya tabbatar. Wanda ya yi haka a kan lokaci, gurbinsa yana jiransa, makinsa bai taɓu ba. Mu ba mu san wannan ba sai da zango guda ya ƙone. Na yi sawu bakwai a wani ofis, wani ma'aikaci ya dubi rahoton likitan ya ce, "To ai wannan ba ciwo ba ne, ga shi nan da ƙafarsa." Wata malama ce a sashen, Allah ya saka mata, ta karɓi takardar ta bi ta da kanta. Matsalar ita ce mai ciwon damuwa shi ne mutum na ƙarshe da zai iya wannan zirga-zirgar. Wanda wanka yake gagara ba zai bi fayil ofis-ofis ba. Dole wani ya yi masa, yaya ko kawu ko aboki.

Idan lokacin komawa ya zo, jarabar farko ita ce rama abin da ya wuce. Abokan shigarsa suna shirin bautar ƙasa, shi zai zauna da waɗanda ya riga shiga, sai ya so ya kwashi komai a zango ɗaya ya cim musu. Tsarin jami'o'inmu ya ba da tazara tsakanin kiredit 15 da 24 a zango. Shawarata ga mai dawowa ita ce ya tsaya kusa da na ƙasan, gwargwadon yadda dokar makarantarsa ta yarda. Cin kwas biyar da kyau yana gyara maki, yana kuma gyara abin da ya fi maki, wato yardar yaro da kansa. Faɗuwa tara a zangon dawowa kuwa sau da yawa ita ce faɗuwar da ba a tashi.

Yaushe ne lokacin? Ba sai ranar da ya ji garau ba, domin jiran wannan ranar a ɗaki shi kansa yana ciyar da ciwon. Masu ilimin abin sun tabbatar da cewa a wannan ciwo aiki ne yake jawo sha'awa, ba sha'awa ke jawo aiki ba. Alamun da na ga sun fi amfani ƙanana ne: barci ya fara daidaita, yana tashi asuba ya fita masallaci, yana iya zama da littafi rabin awa ya faɗi abin da ya karanta. Kafin ɗan yayata ya koma, wata biyu ya yi yana bin wani maƙwabci lambu da safe, da yamma kuma yana koya wa yaran firamare lissafi a zaure. Wannan ne ya zama sandarsa.

Barci shi ne abin da ɗalibai suka fi rainawa. Al'adar kwana karatu daren jarrabawa da goro da shayi mai kauri ko lemon ƙara kuzari, mai lafiya ma tana jigata shi, balle wanda ciwonsa ta ƙofar barci yake shigowa. Daga nan kuma taki ɗaya ne zuwa ga abokin da zai ce ga wata 'yar ƙwaya mai sa kuzari. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi a Najeriya, a shekarar ce kuma gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin. Muna yawan kallon shaye-shaye a matsayin lalacewar tarbiyya kawai. Wani lokaci haka ne. Amma akwai yaran da tiramol ya zame musu maganin ciwon da ba wanda ya gane, suka nemi sauƙin awa uku suka sayo ciwo biyu. Tambayar baffan nan ba laifi ba ce, yadda aka yi ta ne ya kamata ya zama na neman ceto, ba na neman kamu ba.

Wa za a gaya wa? Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma akwai hikima a ciki, domin ba kowane kunne ne ya cancanci sirrin mutum ba. Ban ga dalilin da ɗalibi zai shelanta wa aji ba. "Na yi rashin lafiya, na samu sauƙi" ta ishi mai tambaya. Amma ɓoyewa ga kowa ita ce ta zaunar da yaronmu gindin darbejiya wata huɗu. Mutum uku sun isa: malami ɗaya a sashen, aboki ɗaya a aji wanda in bai gan shi kwana biyu ba zai buga waya, da mutum ɗaya a gida wanda za a iya ce wa "yau abin ya motsa" ba tare da ya tada hankalin gida ba.

Ga 'ya mace lissafin ya fi tsauri. Saurayi in ya faɗi a kan ce ya sake gwadawa. Budurwa in ta dawo gida da wannan ciwon, maganin da ake fara kawowa shi ne aure, kuma karatun ya tafi ke nan. Ga tsoron binciken aure: kada dangin miji su ji an taɓa kai ta wajen likitan ƙwaƙwalwa, a ce gidan akwai taɓin hankali. Saboda wannan tsoron uwa za ta gwammace 'yarta ta rame a ɗaki da a gan su a layin asibiti. Akwai kuma matar aure mai karatu da ciwon yake kamawa bayan haihuwa, ana ta hidimar wankan jego da kunun kanwa, ba wanda ya lura ba ta barci ko da jariri ya yi, tana kuka ba ta san dalili ba. Irin wannan in miji ya fahimta ya tsaya mata, takardar jingine karatu ɗaya da magani suna iya ceton shekara uku na wahalarta.

Ba na ganin mafita za ta zo daga jiran a sami likitan ƙwaƙwalwa a kowace mazaɓa, daga Panisau zuwa Yadakunya. Afirka ta riga ta gwada wasu hanyoyi. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta, inda marasa lafiya suke zama a gidajen ƙauye tare da wani ɗan uwansu, suna zuwa asibiti da rana, maimakon a kulle su. A Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron masu fama da abin da mutanen can suke kira yawan tunani, suna taya su warware matsala ɗaya bayan ɗaya, kuma gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna tsarin yana aiki. Mu da muke da zaure, da limami, da malamar Islamiyya, da ma'aikacin lafiya a asibitin sha-ka-tafi, abin da ya rage shi ne a koya musu gane alamun da sanin lokacin da za su ce "wannan ya fi ƙarfina, a tafi asibiti". Makarantu kuma su daina ɓoye ofishin ba da shawara a ƙarshen wani lungu, su bayyana hanyar jingine karatu tun ranar rantsar da sababbin ɗalibai.

Abu ɗaya ne ba ya jiran gobe. Idan yaro ya fara cewa gara ya mutu, ko ya ce shi nauyi ne a kanku, ko ya fara rabar da kayansa yana neman gafara ba dalili, kada a ce neman a kula shi yake, kada kuma a rufe shi da wa'azin wuta. A tambaye shi kai tsaye, cikin taushi, domin tambaya ba ta dasa tunanin, sauƙi take kawowa. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magungunan feshi na gona da na ƙwari daga inda hannu zai kai, a kai shi asibiti a ranar.

Ba kowa ne zai koma inda ya baro ba, kuma ban ɗauki wannan faɗuwa ba. Wani sauya fanni ne zai fi masa, wani karatun ƙarshen mako, wani Buɗaɗɗiyar Jami'a, ko da yake karatun kaɗaici yana da haɗari ga wanda kaɗaici ne ciwonsa. Wani ma sana'a ce rabonsa. Roƙona kawai kada a yanke wannan shawarar a tsakiyar ciwo, lokacin da komai yake baƙi a idon mai shi.

Ɗan yayata ya ɗauki kwas shida a zangon dawowarsa, ya ci biyar. Wanda ya faɗi na ƙarfe takwas na safe ne, saboda maganin yana danne shi da barci, sai likita ya dawo masa da lokacin sha zuwa bayan magariba. Har yanzu akwai ranakun da buhun yake dawowa. Yayata tana ajiye ƙwayoyin a cikin wani gwangwanin madara a bayan kwallayenta, ita ke ƙirgawa, in sun rage bakwai ta aiko a gaya min. Mahaifinsa bai taɓa furta sunan ciwon ba, ban kuma matsa masa ba. Amma a damunar bana, wata safiyar Litinin da aka kwana ana ruwa hanya ta cika da taɓo, na gan shi ya fito da kekensa ya jingine a ƙofar zaure, ya ɗaure fartanyarsa a gefe, ya tsaya yana jira. Da yaron ya fito da jaka, sai ya ce, "Hau in kai ka bakin titi, kada ka ɓata wandonka."